Tsohuwar motar dizal a Landan: ka riƙe ta kana biyan fam 12.50, ko ka rabu da ita?

Akwai wata wasiƙa da yawancin 'yan'uwanmu da suka sauka Landan suka yi gaggawar sayen mota suka san kamanninta. Mutum ya samu tsohuwar Passat ko Zafira mai shan dizal a farashi mai sauƙi, jiki sumul, inji ba ya ko tari, ya ce Allah ya kashe ya ba shi. Bayan 'yan kwanaki sai ga takarda ta iso gida: tarar fam 180. Bai yi gudun wuce sa'a ba, bai keta danja ba, bai ajiye mota inda aka hana ba. Abin da ya yi kawai shi ne ya hau titi a cikin yankin taƙaita hayaƙin mota, wanda kowa ke kira ULEZ, bai biya kuɗin ranar ba. In mako guda ya yi yana zirga-zirga bai sani ba, to takardu bakwai ne za su zo, kowace rana da tata.

An fara wannan doka ranar 8 ga Afrilu 2019, a ƙwaryar birnin kaɗai. A watan Oktoba 2021 aka faɗaɗa ta zuwa duk abin da ke cikin zoben titunan North Circular da South Circular. Ranar 29 ga Agusta 2023 kuma magajin gari Sadiq Khan ya shimfiɗa ta a kan dukkan ƙananan hukumomin Landan, har da filin jirgin sama na Heathrow. Babu shinge, babu ɗan sanda a bakin hanya. Kyamarori ne ke karanta lambar mota dare da rana, kullum, ban da ranar Kirsimeti. Motar da ba ta cika ƙa'ida ba za ta biya fam 12.50 a duk ranar da ta motsa. Ranar da ta wuni a ajiye a ƙofar gida, ba a bin ta komai. Ba wanda zai aiko maka da bil; kai za ka tuna ka biya kafin sha biyun daren kwana na uku bayan tafiyar. In ka manta, tara ce fam 180, wadda ke komawa 90 in ka biya cikin kwana 14. Kada a haɗa wannan da kuɗin cunkoso na tsakiyar gari da aka fara tun 2003. Wancan daban ne, kuma mai tsohuwar mota da ya shiga ƙwaryar birni da rana zai biya duka biyun.

To wace mota ce ta cika ƙa'ida? Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma nan ne mafitar take. Mai shan fetur ana buƙatar ta kai ma'aunin hayaƙin mota na Turai da ake kira Euro 4, wato galibin waɗanda aka yi wa rajista daga 2006. Mai shan dizal kuwa sai ta kai Euro 6, wato galibi daga Satumba 2015. Tazarar kusan shekara goma ke nan. Shi ya sa za ka ga Corolla mai fetur ta 2007, fenti duk ya koɗe, tana yawo kyauta, alhali Marsandi mai dizal ta 2014 tana biya kullum. Da dizal dokar take faɗa, domin injinsa ne ya fi fitar da iskar nan mai guba da masana ke rubutawa NO2, wadda ke ƙona hanyoyin numfashi, tare da ƙananan ɓurɓushin baƙin hayaƙi da ke shigewa can cikin huhu.

Kafin in shiga lissafi, ya kamata a san me ya kawo dokar, don wanda ke biya yana da haƙƙin sanin abin da yake biya wa. A watan Fabrairu 2013 wata yarinya 'yar shekara 9, Ella Adoo-Kissi-Debrah, ta rasu da cutar asma. Gidansu na unguwar Lewisham, dab da titin South Circular da motoci ba sa yankewa. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana fafutuka, har a Disamba 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya yi ajalinta. Ita ce mutum ta farko a Birtaniya da aka rubuta haka a takardar mutuwarta. Masana na jami'ar Imperial sun ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum 4,000 ne a Landan gurɓatar iska ta taimaka wajen mutuwarsu. Kuma waɗanda ke kwana a bakin manyan tituna ba attajirai ba ne. Mu ne, masu haya inda aka fi samun sauƙi.

Shin iskar ta gyaru? Ta gyaru, amma yawan gyaran da za a jingina wa dokar kanta shi ne abin gardama. Rahoton ofishin magajin gari na Maris 2025 ya ce iskar NO2 a bakin titunan Landan ta yi ƙasa da kashi 27 cikin 100 a kan abin da za ta kasance da ba a yi dokar ba, kuma kusan kashi 97 cikin 100 na motocin da ake gani a hanya yanzu sun cika ƙa'ida. A gefe guda, wani bincike na jami'ar Imperial a 2021 da ya duba makonnin farko na dokar ya ga raguwar da ba ta kai kashi 3 ba. Ni dai abin da na fahimta, mutane sun fara sauya motoci tun da aka yi shelar dokar, shekaru kafin ta fara aiki, don haka auna ranar farawa kaɗai ba zai nuna komai ba. Kuma shi ma ofishin magajin gari, mai kaya ne ke yabon kayansa. Gaskiyar tana tsakani, amma ta fi karkata wajen cewa an samu amfani. Direba ma yana cikin masu cin ribar, ko da bai lura ba. Wanda ya maƙale a cunkoson Old Kent Road, hancin motarsa a bakin salansar ta gabansa, shi ne ke shaƙar hayaƙin da ɗuminsa. Direban haya kuwa haka yake wuni.

Duk da haka ba zan ce wa mai ƙorafi ba shi da hujja ba. A 2001 gwamnatin Birtaniya ta sauya harajin mota ya koma bisa yawan iskar kabon da inji ke fitarwa, tsarin da ya sa dizal ta fi araha. Mutane suka bi shawarar hukuma suka sayi dizal. Sai a Satumba 2015 asirin kamfanin Volkswagen ya tonu, cewa an sa wa motoci manhajar da ke yaudarar na'urar gwaji, aka kuma gano motocin dizal da yawa na fitar da hayaƙi a kan titi fiye da abin da ake gani a ɗakin gwaji. Wanda aka ce masa saya, shi ne yau ake ce wa biya. Sannan fam 12.50 ɗin nan ba ta duba aljihu: kuɗi ɗaya ne ga babban likita da mai goge-goge a asibiti ɗaya. Mai hali ya sauya mota ya manta da zancen. Wanda bai da hali shi ke biya kullum, kuɗin da ya kamata ya tara ya sauya motar su ne suke zirarewa. Wannan ne babban aibin dokar, kuma fushin da ya haifar ba ƙarami ba ne. Ƙananan hukumomin Bexley, Bromley, Harrow, Hillingdon da gundumar Surrey sun kai ƙara babbar kotu, suka sha kaye a Yuli 2023. A watan na Yuli ne kuma jam'iyyar Labour ta magajin garin ta kasa cin kujerar majalisar dokoki ta mazaɓar Uxbridge, da tazarar ƙuri'a 495 kacal, aka ɗora laifin a kan ULEZ. An sassare kyamarori masu yawa a unguwannin bayan gari. An yi shirin tallafi, inda ake ba mai mota har fam 2,000 ya miƙa ta a farfasa, amma an rufe shi a Satumba 2024. Wanda ya zo bayan nan, daga aljihunsa komai zai fito.

Yanzu ga lissafin, kuma duk shawarar a kansa ta rataya: kwana nawa kake tayar da motar a cikin yankin? Kada ka yi ƙiyasi da ka. Ɗauki takarda ka rubuta na wata guda, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mai fita kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, zai biya fam 3,000. Mai fita kwana 300, fam 3,750. Mai fita sau biyu a mako, fam 1,300. Wanda sau ɗaya yake fita, misali ranar Asabar ya kai iyali cefane Peckham, fam 650 ne.

Sai a kula da wani tarko: ranar dokar daga sha biyun dare take zuwa sha biyun dare. Mai gadi ko 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi da ta fita ƙarfe takwas na dare ta dawo bakwai na safe, kwana biyu ta yi a lissafinsu, fam 25 ke nan a kan aikin dare ɗaya. In dararen a jere suke abin yana ɗan sauƙi, dare huɗu ya zama kwana biyar. In kuwa a warwatse suke, kowane dare ninki ne. Haka wanda ya tafi masallaci da mota a goman ƙarshe na azumi ya dawo bayan Tahajjud.

Riƙe motar yana da ma'ana ga mutum biyu. Na farko, wanda sau ɗaya yake fita a mako ko ƙasa da haka, kuma ya san motarsa ciki da bai, ya san bakanikensa, kuloci da giya duk lafiya. Fam 650 a shekara ba ta kai asarar da zai yi ba in ya sayar da mota mai lafiya da araha ya sayo wadda bai san tarihinta ba. Na biyu, wanda ke zaune a wajen Landan, irin su Luton ko Milton Keynes, yawancin tafiyarsa a babbar hanya, jefi-jefi yake leƙowa gari. A doguwar tafiya dizal ta fi fetur auki nesa ba kusa ba, kuma titin M25 da ya kewaye birnin ba ya cikin yankin. Irin wannan mutum ya yi rajistar Auto Pay a wurin hukumar sufuri ta Landan, wato TfL, yadda za a riƙa cire kuɗin kai tsaye duk ranar da kyamara ta gan shi. Tun farkon 2023 rajistar kyauta ce, kuma ita ce maganin mantuwa da tara.

Daga kwana uku a mako zuwa sama, riƙe motar ɓarnar dukiya ce, ba ni da shakka a kan haka. Kuma mafitar da ta fi dacewa da yawancinmu ita ce wadda aka fi rainawa: tsohuwar ƙaramar mota mai fetur. Yaris, Jazz, Corolla, Focus, daga 2007 zuwa sama. Fam 3,000 ɗin da mai fita kullum zai zubar a shekara guda sau da yawa ta isa ta sayi irin wannan, sannan ga ɗan abin da za a samu in an sayar da ta dizal ɗin ga wani a garin da dokar ba ta shafa ba. A shekara ta biyu ka fita daga bashi, ka fita daga biyan kullum. Akwai wata riba da ba a cika faɗa ba: zirga-zirgar cikin gari, tsaya-tafi, tsaya-tafi, ba ta yi wa injin dizal na zamani daɗi. Yana da matatar hayaƙi da ke buƙatar doguwar tafiya da gudu kafin ta ƙone dattin da ta tara. In kullum daga gida zuwa makarantar yara ne, sai ta toshe, gyaranta kuma ba wasa ba. Mai fetur ba ta da wannan ciwon kai. Aibinta, ta fi shan mai, kuma in injin babba ne harajin hanya na shekara zai yi nauyi, tunda motocin da aka yi wa rajista tsakanin 2001 da 2017 bisa yawan kabon ake yanka musu. Mai iyali babba da ke neman mota mai kujera bakwai zai sha nema, don yawancin irinsu na wancan zamani dizal ne, kuma 'yan kaɗan masu fetur ɗin sun yi daraja a kasuwar Landan saboda wannan doka. Sannan ba wanda zai ba ka tabbacin cewa ƙa'idar Euro 4 za ta dawwama. Shi ya sa ba na son a zuba kuɗi masu yawa a irin wannan mota. A saye ta da niyyar shekara uku ko huɗu.

Abin da nake jin tsoro shi ne mutum ya gudu daga fam 12.50 ya faɗa bashin mota. Dillali zai nuna maka sabuwa fil, ya ce fam ɗari biyu da wani abu ne kawai a wata. Ka ninka da sha biyu, za ka ga ya kai kuɗin ULEZ ɗin ko ya ɗara, ga inshora mai tsada, ga yarjejeniyar shekara uku ko huɗu da ba a fita cikin sauƙi. An gudu ba a tsira ba. Ga musulmi kuma akwai maganar kuɗin ruwa, wadda ba ƙaramar magana ba ce. Adashin da muka iya tun daga gida ya fi wannan albarka: mutum goma, fam 300 kowane wata, kwasa ɗaya ta sayi motar da ke yawo kyauta a Landan.

Mota mai haɗa fetur da batir, irin su Prius da Auris, ita ce sarauniyar cikin gari wajen tsimin mai, amma tsofaffinta ma suna riƙe farashi, kuma ɓarayi sun matsa wa tsofaffin samfurinta lamba suna yanke tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki. Mai lantarki zalla kuwa tambaya ɗaya ce ke raba gardama: kana da wurin ajiye mota a harabar gidanka da za ka ja waya? In kana da shi, cajin dare a gida ya fi kowane mai araha. In a bene kake haya kamar yawancinmu, cajin bakin titi za ka dogara da shi, wanda harajinsa kashi 20 ne alhali na wutar gida kashi 5, ban da ribar kamfani. Kuma daga Afrilu 2025 motocin lantarki ma sun fara biyan harajin hanya.

Mutum biyu ne wannan shawara ta tsohuwar fetur ba za ta yi wa aiki ba, kuma su ne dokar ta fi matsa. Direban haya mai aiki da manhaja, irin su Uber da Bolt, tun 1 ga Janairu 2023 duk motar da za a ba lasisin haya karo na farko a Landan sai ta kasance mai iya tafiya da lantarki, kuma motar haya ba ta wuce shekara 10. Shi ba ruwansa da Corolla ta 2007. Sai mai ƙaramar motar kaya, mai fenti, mai gyaran famfo, mai kai saƙo. Kusan duk motocin kaya dizal ne, kuma nasu Euro 6 ɗin galibi daga Satumba 2016 ya fara. Ba shi da fetur ɗin da zai gudu wajensa. Ko ya sayi sabuwa-sabuwa, ko ya ɗora fam 12.50 a kan kuɗin aikinsa.

Barin mota gaba ɗaya fa? Ya danganta da inda kake kwana. Mazaunin Southwark ko Hackney, ko Woolwich da layin jirgin Elizabeth ya ratsa tun Mayu 2022, zai iya rayuwa ba mota, ya huta da inshora da gwajin lafiyar mota na shekara da neman wurin ajiyewa. Kuɗin bas ɗaya na ba ka damar sauya bas iya son ranka cikin awa guda, yara 'yan ƙasa da shekara 11 kuma ba sa biya. Amma a Havering ko Bromley, inda unguwa da unguwa ke da nisa, ga mai bin gida-gida tana duba marasa lafiya, cewa ta bar mota daidai yake da cewa ta bar aikin.

Akwai kuma masu cewa, ai sai in tura ta gida. Kada ka fara. Motar Ingila sitiyarinta a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, Ghana a 1974, Nijar dama can haka take, kuma dokar hanya a Nijeriya ta hana mota mai sitiyari a dama. Juya sitiyari a gareji aiki ne mai haɗari, ga kuɗin jirgin ruwa, ga kwastam, ga dizal da ya fi fetur tsada a gida. Amma wannan tunani ya taɓo wani abu da ke damuna. Motocin da biranen Turai ke kora ba ɓacewa suke yi ba. Antwerp ta kafa nata yankin a 2017, Brussels a 2018, kuma ba banza ba muke kiran motar hannu 'yar Beljiyam. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, Afirka ce ta fi kowa karɓa. Hayaƙin da aka hana a can, yaran Kano da Maraɗi da Kumasi ne ke shaƙarsa.

In aikinka na kai ka wasu garuruwa, ka sani kowane gari da nasa salon. Birmingham na karɓar fam 8 a rana tun Yuni 2021, Bristol fam 9 tun ƙarshen 2022, da ƙa'idar inji iri ɗaya da ta Landan. Bath da Sheffield da Bradford ba sa cajin motar gida. A Sikotland kuwa, Glasgow da Edinburgh da Dundee da Aberdeen, babu zancen biya ka wuce: hani ne kai tsaye, tarar fam 60, kuma tana ninkuwa in ka sake. Motar da ta tsallake a Landan ta tsallake a duk waɗannan.

Ranar da za ka je ganin mota, kafin ka taɓa sitiyari, ka sa lambarta a shafin TfL na duba motoci. Nan take zai gaya maka ko za ta biya. Kada ka dogara da shekarar mota ko rantsuwar mai sayarwa, don akwai masu fetur na kafin 2006 da suka cika ƙa'ida, akwai kuma dizal na farkon 2015 da ba su cika ba. Ka tabbata shafin hukumar ne na ainihi, domin akwai na 'yan damfara da ke karɓar kuɗi da ƙari, wani lokaci ma ba sa miƙawa. Ka kuma sabunta adireshinka a takardar mota duk lokacin da ka tashi daga gida, saboda can ake aika tara, kuma tana girma ko ba ka gan ta ba. In ɗan'uwa zai tuƙo daga Brussels ko Hamburg ya yi Sallah da ku, ka gaya masa ya yi wa motarsa rajista da TfL aƙalla kwana goma kafin ya taso, ko da sabuwa ce, don kyamara ba ta san injin mota mai lambar wata ƙasa ba.